Tiren Gyaɗar Gwaggo

Tun ina goyon ɗana na fari nake ɗauke da wani tsoro da ban iya faɗa wa kowa ba. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tashi lafiyarsa ƙalau, mai barkwanci, har ya kai shekarun da muryar yaro ke buɗewa. Daga nan ya fara shiru. Ya bar cin abinci da 'yan'uwa, ya bar fita dandali, sai ya je bayan rumbu ya haɗa kai da gwiwa. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, daga baya aka kai shi wani gida inda ake ɗaure irinsu, kuma can ya cika. Na ji mata suna raɗa cewa irin wannan abu jini yake bi. Tun daga ranar, duk yaron da na gani ya haɗa kai da gwiwa sai gabana ya faɗi.

Wannan tsoro ne ya kai ni wurin Gwaggo, kuma saboda shi ne yau na ɗauki biro, ni da karatuna bai wuce firamare ba. Gwaggon maigidana ce, yayar mahaifinsa. Allah ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, a gidanta na kwatas ɗin malamai a Karshi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dangi sun iso daga Zariya washegari. Mun ɗauka zaman makoki ne irin na kowa, maza a waje kan tabarmi, mata a ciki. Sai bayan an tashi makaranta muka ga ɗalibai suna tahowa cikin yunifom, maza da mata, Musulmi da Kirista, sun cika hanya. Kowanne da ƙullin gyaɗa mai ɓawo a hannu, wani a leda, wani a hankici. Suka yi gaisuwa, suka wuce gindin mangwaron da ke ƙofar gida, suka juye gyaɗar a babban tiren Gwaggo, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna ɓarewa. Ba mai kallon wani. Wasu na hawaye, wasu na magana ƙasa-ƙasa.

Ta taga na ji Baffa, ƙanin Gwaggo, yana tambayar maigidana: “Wai su waɗannan, gaisuwa suka zo ko ƙodago? Ko an ce musu ƙuli-ƙuli za mu yi?”

Maigidana ya ce, “Baffa, ƙyale su. Zan ba ka labari.”

Wata yarinya Bayarabiya ta shigo ciki ta faɗa jikina tana cewa, “Anti, Mama ya tafi. Yanzu wa zai ji maganan mu?” Wani manomi daga ƙauyen bayan Karshi ya sauke doya a ƙofar gida, ya ƙi zama, ya ce shi dai ya zo ne ya faɗa wa dangin wannan mata cewa ɗansa da ya taɓa cewa rai ya ishe shi, yanzu ga shi can yana karatun koyarwa. Matan Zariya suka riƙa kallon juna. Sun san Gwaggo a matsayin 'yar'uwarsu mai faɗa da ta yi boko ta ƙi zaman gida. Ba su san wadda muka sani ba. To ita nake so in faɗa, kafin a manta.

Gwaggo ta daɗe tana koyarwa a Zariya, sannan aiki ya kai ta Ikko. Da aka taso da kujerar mulki daga can aka dawo da ita Abuja, sai ta biyo, aka ba ta sakandaren gwamnati a Karshi. Mu ma a shekarun muka zo, domin maigidana ya buɗe shagon siminti da kwano da ƙusa, lokacin ko'ina ka duba gini ake yi. Gajeriya ce, tabaranta a rataye da zare a wuya, ba ta rabo da goro, kuma ba ta taɓa cin miyata ba tare da ta ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Ranar da ta ci ta yi shiru sai na damu, na ce ko ba ta da lafiya.

Tana da wata magana a kan Abuja da ba ta gajiya da maimaitawa. Takan ce, “An kwaso kujeru, an kwaso fayil-fayil, an kwaso har tukwanen fulawa. Amma an manta ba a kwaso kakanni ba.” A ajinta akwai yaran ma'aikata da aka ciro daga Ikko, sun bar abokansu da unguwarsu. Akwai yaran 'yan kasuwa irin namu. Akwai yaran da aka tashi ƙauyensu don a yi titi, suna wucewa a mota suna nuna inda kabarin kakansu yake. Ta ce duk garin baƙi ne, kuma babba idan ya yi baƙunta yana da shago ko ofis da zai sa kansa, yaro kuwa sai ya haɗiye.

Aikin da aka ba ta shi ne ba ɗalibai shawara, wanda a wurin hukumar makaranta ba ya wuce a ce wa yaro kai kimiyya za ka yi, ke kuma kasuwanci. Ita sai ta ƙara nata. Duk Laraba bayan hutun tara takan fitar da aji ɗaya gindin bishiya, ta ajiye tiren gyaɗa a tsakiya. Dalilinta shi ne, mun tarbiyyantar da yaranmu kada su kalli idon babba, sannan sai mu zaunar da su a gabanmu, mu zuba musu ido, mu ce faɗi abin da ke damunka. Ta ce, “Ina zai iya? Ba wa hannunsa aiki, ki kawar da idonki, bakin zai buɗe da kansa.”

Idan ta gaishe da yaro ya ce lafiya lau, sai ta ce, “Na karɓi ta baki. To ta ciki fa?” A gindin bishiyar nan ta koya musu bambance fushi da baƙin ciki, da kewa, da fargaba, da ƙuncin da ba a san dalilinsa ba. Ta koya musu cewa namiji ma yana kuka bai ragu da komai ba, kuma idan aboki ya ce gara ya mutu ba a riƙe masa wannan sirri, a gaya wa babba. Takan ce ciwon da ba a san sunansa ba shi ake laƙaba wa iska. Ba ta raina addu'a ba, ita da ke azumin Litinin da Alhamis. Abin da take cewa shi ne, a yi addu'a a kan hanyar asibiti. Gyaɗar kuwa, a ƙarshe soyawa take ta raba musu.

Shugaban makarantar da bakinsa ya ba da labarin rigimarsu a wurin gaisuwa. Ya ce ya kira ta ofis ya ce, “Madam, wannan abu ba ya cikin silabas. Iyaye suna ƙorafi, wai mun mai da yaransu 'yan ɓarar gyaɗa.”

Ta gyara tabarau ta ce, “Oga, yarinyar da aka tsinta jiya a bayan ɗakin gwaje-gwaje tana kuka, kukan nata yana cikin silabas?”

Ya ce, “Madam, ni fa ba faɗa na kira ki mu yi ba.”

Ta ce, “Ni ma ba faɗa nake ba, haka muryata take. Ka zo ranar Laraba ka zauna. Amma ka bar bulalar a ofis.”

Ya ce ya je, ya ɓare gyaɗa har babban yatsansa ya yi zafi, kuma a ranar ya ji abubuwan da bai taɓa sanin suna faruwa a makarantarsa ba. Yana faɗa yana dariya, yana share ido da hularsa.

Yanzu sai in zo kan nawa. Ɗana na fari ba a hannuna ya tashi ba. Kamar yadda aka saba a wurinmu, ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, kuma ni ina masa kunyar ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na hira da shi, ba na nuna kulawa a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa wana, haka tata uwar ta yi. Ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki. Da kakar ta rasu sai aka kawo mana shi Karshi, ya shiga sakandaren su Gwaggo. Ya zo gidan da ƙannensa suka saba da ni, suna hawa jikina, ina kiran kowa da sunansa har da na wasa. Shi kuwa in zan ba shi abinci sai in ce wa ƙanwarsa, “Kai wa wancan.”

Bakina ne ba ya magana da shi, amma idona bai taɓa barinsa ba. Na ga lokacin da ya fara rage tuwo yana tura sauran ƙarƙashin benci don kada a gani. Na ga takalmin ƙwallonsa ya yi kwana da kwanaki a inda ya ajiye shi. Na ga yana wanke yunifom ɗin da bai yi datti ba don dai ya samu dalilin zama shi kaɗai a bakin rijiya. Sakamakon jarrabawa ya zo, ya faɗi ƙasa warwas. Rannan da la'asar na zagaya bayan gida ɗebo itace, sai na same shi a bayan duron ruwa, ya haɗa kai da gwiwa. Wana na gani a zaune.

Mahaifinsa ya gwada faɗa, ya gwada bulala. Da abin ya ƙi sai ya yanke hukunci: ana yin hutu zai cire shi daga makaranta, ya kai shi wurin wani mai magani da aka ba shi labari a can gida, idan ya warware ya zauna a shago. Ina jin an ce mai magani na san inda hanyar take ƙarewa, domin na taɓa ganin ƙarshenta.

Washegari na goya ƙaramar na tafi kwatas ɗin malamai. Na samu Gwaggo tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo ne a kan maganar yaron nan.

Ta ce, “Wane yaro? Yara sun fi ɗari a hannuna.”

Na ce, “Wannan... babban.”

“Babban wa? Ba a yanka masa rago ba ne?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Gwaggo, ai kin san ɗan fari ne.”

Ta ture min tiren shinkafar ta ce in sa hannu. Muna tsinta, ban san lokacin da na ba ta labarin wana ba, abin da ko maigidana bai sani duka ba. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma kalle ni ba. Da na gama ta ce, “Ni ma na ga yaron, kuma yana zuwa gindin bishiya. Abin da ya faɗa min amana ce, ba za ki ji a bakina ba. Amma bari in tambaye ki. Kin san dalilin da ya sa iyayenmu suka yi kunyar ɗan fari? Uwa tana ja da baya ne don kaka ta matso. Ga kaka, ga gwaggo, ga inna, gida cike, yaro ba ya rasa cinyar da zai ɗora kai. To ke kin ja da baya. A gidanku na haya, ɗaki biyu, wa ya matso?”

Na ci gaba da tsintar shinkafa. Ta ce, “Ban ce ki zubar da al'ada ba, ni ma ita ta raine ni. A gaban mutane ki yi kunyarki. Amma idan an rufe ƙofa, babu kaka a garin nan, ke ce uwar ke ce kakar.”

Ranar Asabar ta hau acaɓa ta dira a shagon maigidana, kasuwa na ci. Maƙwabcin shagonsa ne ya ba matarsa labari, ita kuma ta kawo min da ɗuminsa. Wai ta zauna a kan buhun siminti ta ce, “Na ji za ka cire min ɗalibi.”

Ya ce, “Gwaggo, ɗana ne fa.”

Ta ce, “Kai ma ɗan wani ne, kuma ni na yi maka wanka kana jariri, uwarka na jego. Kana da shekarunsa ka yi wata guda ba ka magana saboda an sayar da akuyarka. Wa ya kai ka wurin mai magani? Kakarka ce ta zaunar da kai tana ba ka ƙanzo har ka huce.”

Masu sayen ƙusa suka fashe da dariya. Ransa ya ɓaci, ya ce, “Ku dai boko ya gama da ku. Yaro na fama da iska, kina cewa a ba shi gyaɗa.”

Ta ce, “Ka ba ni zango ɗaya. Zan kai shi wurin likita da kaina, ka ci gaba da yi masa addu'a, ai kai ne ubansa, taka ta fi ta kowa. Idan zango ya ƙare bai motsa ba, ka zo ka faɗa min baƙar magana a gaban ɗalibaina.”

Ya yarda, amma don kunyar idon mutane ne. Daga ranar ya daina zuwa gaishe ta, ita ma ko a jikinta. Sai da Sallah ta zo suka shirya, shi ma don ta aiko masa da dambun nama ne tare da saƙon cewa gishirinsa daidai ne, ba irin na gidansa ba.

Ta kai yaron asibiti a Gwagwalada, ba sau ɗaya ba, likita yana ganinsa yana magana da shi. Ni kuma ta aiko min da mudun gyaɗa. Ta ce in tura ƙananan maƙwabta, in zauna a gefensa, ba a gabansa ba, kada in tambaye shi komai.

Ranar farko na ajiye tire a tsakar gida na ce, “Zo ka taya ni.” Ya waiga ya ga ko da wani nake. Muka ɓare har ta ƙare, ba wanda ya ce uffan, zufa ta jiƙa min riga kamar na yi daka. Na koma na ce wa Gwaggo abin bai yi ba. Ta ce, “Shekara nawa kika yi kina shiru? Shi ne kike so ya buɗe baki a yini ɗaya? Sayi wata gyaɗar.”

Muka ci gaba. A gidanmu aka ci miyar gyaɗa har maigidana ya fara tambaya ko kuɓewa ta ƙare a duniya. Sai wata la'asar, idonsa a kan tire, ya ce, “Iya takan bar min ƙananan, ta ce sun fi zaƙi.” Iya ita ce kakarsa. Tun da ta rasu ba wanda ya ambace ta a gabansa, wai don kada a tayar masa da hankali. Na tsinci ƙananan na tura gefensa. Ya daɗe yana juya su da yatsa. Can ya ce, “A makaranta, ranar ziyarar 'yan kwana, ina ganin iyayen yaran Ikko suna rungume su, suna kiran sunansu tun daga bakin get. A nan gidan ma kowa yana da suna. Ni ne kawai wancan. Na yi ta tunani ko wani laifi na yi miki ina ƙarami.”

A Zariya duk ɗan fari haka ake masa, yana gani a gidan kowa, ya san ba ƙiyayya ba ce. A nan bai ga kowa ba sai kansa. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba ke nan, kuma Gwaggo ta gane shi tun daga nesa.

Na buɗe baki zan kira sunansa. Ban taɓa furta shi ba tun ranar da aka raɗa masa. Na ce bismillah a zuci, na kira shi. Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, “Na'am.” Muka zauna muna kuka, ɓawon gyaɗa duk ya manne mana a hannu.

Ba zan ce a ranar ya warke ba, ƙarya ke nan, kuma Gwaggo ta tsani a ƙara wa magana gishiri. A hankali ne. Ya fara cinye tuwonsa. Wata rana na ga babu takalmin ƙwallo a inda yake. Akwai makonnin da abin ke dawo masa, sai dai yanzu ya san sunansa, yakan ce, “Umma, yau ƙuncin nan ya zo,” mu san abin yi. Zango ya ƙare, mahaifinsa ya duba sakamako, ya ninke ya sa a aljihu, bai sake tayar da maganar mai magani ba. Bana yaron nan zai rubuta jarrabawar fita sakandare. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Gwaggo, kuma shi ya shiga ɗakinta ya fito wa 'yan'uwansa ɗalibai da tiren.

Ita kanta ba ta da sauƙin sha'ani a kan nata ciwon. Hawan jini ya daɗe yana cinta, likita ya ce ta huta, ta ce Laraba ba ta san hutu ba. Zuwana na ƙarshe na same ta a kwance, na gaishe ta, ta ce lafiya lau. Na yi ƙarfin hali na ce, “Na karɓi ta baki, Gwaggo. To ta ciki fa?” Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Ja'ira, kin iya karatu.” Sannan ta ce ta gaji, tana kewar Zariya, kuma tana tsoron idan ta tafi a mai da awar nan ta Laraba ta zama ta share filin makaranta. Ban taɓa jin ta ce tana tsoron wani abu ba sai ranar.

Ranar addu'ar uku, da yamma ta yi, na leƙa ta taga. Maigidana ya tashi daga tabarmar manya ya je gindin mangwaro, ya naɗe babbar rigarsa, ya zauna a gefen ɗansa ya ɗebi gyaɗa. Ba su kalli juna ba, amma na ga bakinsu yana motsi. Baffa ya daɗe yana kallonsu, ya riga ya ji labarin. Sai ya miƙa hannu ya ce wa wani ɗalibi, “Kai, ɗan samari, miƙo min kaɗan nan. Ƙananan nake so.”

Har yau a gaban mutane babban nake ce masa, shi ya sa ba ku ga sunansa a wannan takarda ba. Amma yana jinsa a bakina kullum idan an rufe ƙofa, kuma wannan aikin Gwaggo ne. Ina alfahari da cewa na zauna a tire ɗaya da ita.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan: ka yi mata addu'a, Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta. Idan kana da yaro a sakandare, ka je ka tambayi shugaban makarantar ko akwai mai zama da yara ya ji ta cikinsu, idan babu ka ce a samo. Idan kuma akwai yaron da ya yi shiru a gidanka, kada ka jira makaranta. Ka sayi gyaɗa ko ta gwangwani ɗaya ce, ka zauna a gefensa, ka kira sunansa.